Hadda ko mas'ala: wane irin karatu ne zai ba Mafara da Bakura da Maradun likitan da suke buƙata?

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, mutane sun lura agwagin gari na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma wa zai tsaya lissafin agwagwa ana tsakiyar samun zinare? Ba a jima ba sai yara suka biyo baya. Yaro zai fara da amai da murɗawar ciki, jiki ya saki, daga nan sai jijjiga, sai kuma a ɗauki gawa.

Duk wanda ya taɓa karatun lafiya a ƙasar nan, in ka ce masa ga ƙaramin yaro a Zamfara yana jijjiga ana tsakiyar zafin bazara, kafin ka rufe baki zai ba ka amsa biyu: ko zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, ko sanƙarau ne. Haka aka koya masa, kuma ba ƙarya aka koya masa ba, galibi hakan ne. An ba yaran nan maganin maleriya, an ba su na kashe ƙwayoyin cuta, mutuwa ba ta tsaya ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a watan Maris na shekarar, su ne suka ja birki suka yi tambayar da ta sauya komai: in har cutar da muke zato ce, me ya hana magani aiki? Kuma me ya sa abin ya fi tsanani a garuruwan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gida? Da aka auna jinin yaran, sai ga gubar dalma. Dutsen da iyaye ke dakawa a turmi, suna niƙawa a injin niƙan hatsi, suna shanyawa a tsakar gida, cike yake da dalma, yara kuma na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi a Dareta da 'Yargalma ya nuna kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Na'urar tafi-da-gidanka da ake auna dalma da ita iyakarta maikurogiram 65 a desilitar jini, amma jinin yara da yawa ya zarce abin da take iya karantawa. Jimillar yaran da aka rasa an ƙiyasta ta kai 400.

Ba don fama tsohon miki na ɗauko wannan ba. Na ɗauko shi ne saboda a filin nan muna yawan samun matasan da burinsu ɗaya ne, su ci JAMB su shiga likitanci, ko aikin jinya, ko kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe. Muna ta maganar maki nawa ake nema da wace jami'a ce ke ɗauka, amma ba mu cika tambayar yadda ake koyar da karatun ba in an shiga. Alhali Anka maƙwabciyarmu ce, mazaɓar sanata ɗaya muke da ita, mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wanda zai zauna a asibitin garinmu gobe, wane irin horo ne zai sa ya iya tsayawa ya ce wannan abin bai yi kama da abin da ke cikin takarda ba?

Yadda aka saba

Yawancin likitocin da yankinmu ya haifa a Sakkwato suka yi karatu, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a Zariya, ko Kano, wasu kuma Sudan da Indiya. A Najeriya tsarin kusan iri ɗaya ne. Shekara shida ce in babu yajin aiki. Ta farko kimiyya ce zalla. Sai a shiga anatomi da fisiyoloji da bayokemistri, wato sanin ginin jiki da yadda yake aiki da sinadaran da ke cikinsa, ana lacca ana fiɗar gawa, har a kai ga jarrabawar nan da ke tace ɗalibai kamar rariya. Wanda ya tsallake sai ya shiga ilimin cututtuka da na magunguna, sannan a kai shi gaban gadon maras lafiya. Bayan kammalawa akwai shekarar sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa.

Wannan tsari na "fara sanin kimiyya tukuna, ka ga majinyaci daga baya" yana da tarihi. Rahoton da Abraham Flexner ya rubuta a 1910 kan makarantun likitanci na Amurka da Kanada shi ya ƙarfafa shi, a lokacin da makarantun bogi suka yi yawa suna yaye mutanen da ko sunan ƙashin hannu ba su sani ba. Mu kuma ta hannun Ingila ya iso mana: Ibadan ta fara a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, Zariya ta biyo a 1967. Kada wani ya raina shi. Shi ya samar da manyan likitocin da muke taƙama da su, kuma shi ne dalilin da ya sa Ingila da Saudiyya ke rububin likitan Najeriya.

Matsalarsa kuwa duk ɗalibi ya san ta. Malami ɗaya ne a gaba, ɗalibai ɗari da wani abu a zaune, ana ta gudu a gama manhaja. Ɗalibi ya kwafi takardun lacca, ya kwana yana haddacewa da shayi da ruwan sanyi a ƙafa, ya je ya juye a takardar jarrabawa, bayan wata uku ka tambaye shi sai ya yi ta sosa ƙeya. Mafi muni, ilimin yana zama a kansa babi-babi yadda littafi ya tsara shi: sunan cuta a sama, alamominta a ƙasa. Shi kuwa maras lafiya ba ya zuwa da sunan cutarsa a goshi. Da kuka yake zuwa, da "cikina ke ciwo", da uwa mai cewa "tun shekaranjiya bai kama nono ba."

Abin da aka gwada a Kanada

A 1969 wata sabuwar makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada, ƙarƙashin shugabanta na farko John Evans, ta ɗauki ɗalibai 20 ta juya tsarin baibai. Maimakon a fara da lacca, sai a fara da matsalar wani majinyaci a rubuce, tun makon farko. Howard Barrows, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ya koyar a can, shi ya fi kowa yaɗa wannan hanya daga baya. Abin da ya dame shi shi ne yadda ɗaliban da suka ci jarrabawar ginin ƙwaƙwalwa ke zuwa gaban maras lafiya kamar ba su taɓa jin darasin ba. Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta ɗauka a 1974, ta tsara shi mataki bakwai. Harvard ma ta shigo da wani nau'insa a 1985. Ɗalibai a taƙaice PBL suke ce masa, wato koyo ta hanyar warware matsala. Ni a nan zan kira shi karatun mas'ala, za ku ga dalili nan gaba.

Bari mu kawo shi gida don a gane. A ce ɗalibai takwas ne a zagaye da tebur, da malami ɗaya wanda aikinsa jan ragama ne kawai, ba ba da amsa ba. An miƙa musu takarda mai layi huɗu: yaro ɗan shekara 11 daga wani ƙauye a Bakura, yana taya mahaifinsa dashen shinkafa a filin noman rani, wata biyu ke nan yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, ba ya jin zafi sosai, kakarsa ta ce alamar girma ce, duk samarin garin sun yi.

Daga nan sai gardama ta kaure. Wata ta ce daga ƙoda jinin yake. Wani ya ce in daga ƙoda ne ai da ya gauraya da fitsarin gaba ɗaya, tunda a ƙarshe yake fitowa to daga mafitsara ne. Mai jan ragama ya ce, ka tabbata, ko ji ka yi? Sai a rubuta a allo cikin abubuwan da ba a sani ba. Kafin a tashi sun tara tambayoyi: yaya hanyar fitsari take tun daga ƙoda? Wane irin abu ne ke shiga fatar mutum a cikin ruwa? Me ya haɗa katantanwa da wannan ciwo? Kowa ya watse ya yi bincike, bayan kwana biyu ko uku a dawo a baje abin da aka samo.

A zama na biyu za su iso da labarin tsargiya cikakke: tsutsar tana girma a jikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai aiki a ruwa, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su ne ke yaga bangon mafitsarar har jini ya fito. In aka bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari, ta lalata ƙoda, har ta kai ga sankarar mafitsara. A 'ya'ya mata tana taɓa al'aura da mahaifa, a yi ta zargin wani abu daban. Sun koyi anatomi, sun koyi ilimin tsutsotsi, sun koyi magani, duk a jikin yaro ɗaya.

Sai malam ya jefo ta ƙarshe: kun ba shi magani ya warke, gobe ina zai koma? Nan ne hira za ta bar littafi ta koma kan madatsar ruwan Bakolori da aka gama ginawa a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da magudanan da aka shimfiɗa don ban ruwa ga kimanin hekta 23,000 a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Ruwan da ke ciyar da mu shinkafa da albasa da dankali, shi ne gidan katantanwar. Ba za ka ce wa manomi ya daina shiga ruwa ba. To sai me? Rabon magani a makarantu duk shekara, masai don fitsari ya daina komawa magudana, da kuma yadda za ka zauna da kakar nan ka fahimtar da ita ba tare da ka ce mata jahila ba. Wannan ɓangaren na ƙarshe babu laccar da ke koyar da shi.

Ai mun san shi a zaure

Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda ake kawo mana wannan hanya kamar wani sabon abu daga Turai. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san karatu hawa biyu ne. Akwai hadda, wadda babu sassauci a cikinta. Akwai kuma ranar da malam zai rufe littafi ya ce: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da uwa da 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa shaƙiƙi, ku raba. Almajirai su duƙufa. Mata tumuni, uwa sudusi, 'ya'ya mata kashi biyu cikin uku. A kafa asali a kan 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4, 'ya'ya 16, saura 1 na ɗan'uwa. Kafin su gama murna sai malam ya ce, to in da akwai ɗa namiji a ciki fa? Lissafi ya rushe, ɗan'uwa ya tashi a tutar babu, a sake sabo.

Wannan ita ce mas'ala. Kuma ku lura da abu ɗaya: almajirin da bai haddace rabon kowa ba, ko kwana zai yi yana tunani ba zai raba gadon nan ba. Wanda kuma ya haddace amma bai taɓa zama gaban mas'ala ba, ranar da aka kira shi gidan rasuwa zai haɗa 'yan'uwa faɗa. Malamanmu ba su taɓa ganin akwai zaɓi tsakanin biyun ba.

Me bincike ya nuna?

A nan sai an yi gaskiya, domin masu tallar PBL kan zuzuta shi fiye da kima. A 1993 an fitar da manyan nazarce-nazarce guda biyu da suka tattara binciken shekaru kusan ashirin, ɗaya na Albanese da Mitchell, ɗaya na Vernon da Blake. Abin da suka gani kusan ɗaya ne: ɗaliban mas'ala sun fi jin daɗin karatunsu, suna yin daidai da takwarorinsu ko su ɗan fi su a aikin asibiti, amma a jarrabawar kimiyyar tushe sukan ɗan gaza 'yan lacca. A 2000 Jerry Colliver ya sake duba lamarin ya ce bambancin bai taka kara ya karya ba in aka dubi kuɗi da lokacin da tsarin ke ci. A 2008 kuma wasu masana daga Singafo ƙarƙashin Gerald Koh suka bi sawun likitoci bayan sun fara aiki, suka ga inda 'yan mas'ala suka yi zarra: iya magana da majinyaci, ci gaba da neman ilimi da kansu, da iya aiki a halin da ba a tabbatar da mene ne ciwon ba.

Wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalina. A babban asibiti a Landan, likitan da ya rasa gane ciwo zai tura jini ɗakin gwaji, ya kira na gaba da shi, ya sa a ɗauki hoton ciki, duk kafin la'asar. A ƙaramin asibiti a ƙasar Maradun, inda hanya ba ta biyuwa da yamma saboda 'yan bindiga, inda sau da yawa ma ba likita ba ne a wurin sai ma'aikacin lafiya na matakin farko shi kaɗai, rashin tabbas shi ne abincin yau da gobe. Don haka fa'idar da Turawa ke ganin ƙarama ce, a wurinmu ita ce babba.

Akwai kuma saurin tsufan takardar lacca. Shekara da shekaru sanƙarau nau'in A ne ke addabar arewa, har aka fara rigakafinsa a 2011 ya ja baya. A ƙarshen 2016 sai annoba ta ɓarke daga Zamfara, ta nau'in C, wanda wancan rigakafin ba ya karewa. Kafin ta lafa a tsakiyar 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasar, fiye da 1,100 sun rasu. A 2024 ma hukumomin lafiya sun sanar da wani ciwo mai kumbura cikin yara a Maradun da Shinkafi da Gusau, bayan irinsa ya ɓulla a Isa ta Jihar Sakkwato, har aka shiga gwajin ƙarafa masu guba. Irin waɗannan ba sa jiran a sabunta manhaja.

Darasin Zariya da na Jazira

Wani abin da ɗalibanmu da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin mafi kyawun misalan irin wannan tunani a ƙasar Hausa aka yi shi. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1977, shi da abokin aikinsa Davidson sun lura mata na cika asibitin Zariya da gazawar zuciya 'yan makonni bayan haihuwa, fiye da yadda littattafan Ingila suka ce ana samu. Maimakon su tsaya ga littafin, sai suka bi matan zuwa rayuwarsu: wankan jego da tafasasshen ruwa, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai ɗora wa jiki gishiri. Suka danganta ciwon da waɗannan. Shekaru da dama bayan haka, Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake buɗe mas'alar, suka ga alaƙar ciwon da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini da rama da talauci, al'adun jegon kuma ba su da ƙarfin da aka zata. Kun ga ko amsar farfesa ba a rufe ta da kwaɗo ba.

Parry ɗin nan shi ya zama shugaban farko na tsangayar likitanci ta Ilorin a 1977, inda aka kafa tsarin COBES mai tura ɗalibai su zauna a ƙauye tun suna ƙananan azuzuwa, su ƙirga gidaje, su duba rijiyoyi, su gano abin da ke kashe mutanen wurin. Ibadan ma ta sake fasalin manhajarta a 2010 ta haɗe darussan da a da ake koyarwa a rarrabe. A Gana, jami'ar da ke Tamale ta koma tsarin mas'ala a 2007.

Amma wadda ta fi kama da mu ita ce Jami'ar Jazira da ke Wad Madani a Sudan. Tana zaune ne a tsakiyar babban filin noman rani da aka fara a 1925, mai fama da maleriya da tsargiya kamar Bakolori, yankin da Hausawa ke da yawa tun hijirar da ta kafa garin Mai Wurno. Tun da ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1978 ta gina karatun a kan matsalolin manoman da ke kewaye da ita, tana haɗa ɗalibi da iyali da ƙauye. Ba ƙasa mai kuɗi ba ce ta yi wannan. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa karatu a can, shi ne ya koro ɗalibanmu da dama gida, amma tsarin da suka kafa ya nuna ba sai kana da arzikin Kanada ba.

Inda gizo ke saƙar

Duk da haka, wanda ya ce a soke lacca gobe a koma mas'ala zalla bai san halin da ake ciki ba. Aji mai ɗalibai 150 in za a raba shi takwas-takwas yana buƙatar masu jan ragama kusan 19 a lokaci guda, a daidai lokacin da malaman ke haɗa jaka suna barin ƙasar. Ɗalibin da aka ce je ka bincika yana buƙatar ɗakin karatu da wuta da data. Mai jan ragamar da ba a horar ba kuwa ɗayan biyu yake yi: ko ya mayar da zaman lacca, ko ya yi shiru ɗalibai su yi ta koya wa juna kuskure. Masana ilimin koyarwa irin su Kirschner da Sweller da Clark sun yi gargaɗi a 2006 cewa sabon shiga da aka sake shi ba jagora yakan ɓace ne kawai. Yaron da ya fito daga sakandaren da ba ta da malamin kemistri, in ka jefa shi cikin mas'ala ba tushe, ka zalunce shi.

Sai kuma tarbiyyarmu. An raine mu a kan kada ka musa wa babba, kada ka ɗaga murya gaban malam. Abu ne mai kyau a gida, amma a zagayen duba marasa lafiya yana iya sa ƙaramin likita ya ga alamar da babba bai gani ba ya haɗiye ta. 'Yan mata abin ya fi shafa: a rukunin da maza suka fi yawa, sau da yawa wadda ta fi kowa karatu ita ce ba a jin muryarta. Zaman mas'ala mai kyau yana koya wa mutum yadda zai ce "ranka ya daɗe, ko za mu sake duba wannan?" ba tare da rashin kunya ba, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin shigo da shi.

Ra'ayina dai shi ne a bar lacca da fiɗa su riƙe tushe, musamman a shekarun farko, amma kowane mako a keɓe zama ɗaya na mas'ala, kuma mas'alolin a rubuta su daga nan. Babu amfanin ɗalibin da zai yi aiki a Mafara ya ɓata mako kan dattijon Kanada da ya zame a ƙanƙara. A ba shi manomin da aka kawo daga feshin tumatir yana zufa yana dalalar da miyau, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. A ba shi mai ciki wata takwas da ƙafa ta kumbura kai na sara, ga shi dare ya yi hanya ba ta biyuwa. A ba shi yaron 'yan gudun hijira mai tamowa da ƙyanda. Ƙofar ma a buɗe take: sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Kuma dole jarrabawa ta bi sahu, don ɗalibi ba wawa ba ne, abin da za a tambaye shi yake karantawa. In tambayar ita ce "lissafo alamomi goma", hadda zai yi ko da an zaunar da shi a rukuni sau ɗari.

A gefe guda, ƙananan hukumomin nan uku su suka ba Zamfara gwamnoni na shekara 20 cikin 24 na farkon wannan jamhuriya: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Mafara na da jami'ar jiha tun 2018, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau, ga babban asibiti, ga filin Bakolori a bayan gari. Duk makarantar lafiya da ke neman inda za ta tura ɗalibanta su ga cuta a inda take tsirowa, ba ta da uzurin rasa wuri, in dai an samar da tsaro.

Kafin manya su motsa

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kina makarantar jinya a Gusau ko kana ajin farko a Sakkwato, ba sai kun jira majalisar jami'a ta zauna ba. Ku haɗu ku biyar zuwa takwas, ba fiye ba. Kowane mako mutum ɗaya ya kawo labarin majinyaci, ko daga asibitin da yake koyon aiki ko wanda wani babba ya ba shi, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan: koken farko tukuna, sai an yi tambaya sannan ya ba da amsa. Ku raba allo gida uku, abin da muka sani, abin da muke zato, abin da za mu bincika. Kada wanda ya ambaci sunan cuta ba tare da ya faɗi abin da ya goyi bayansa da abin da ya saɓa masa ba. Ku saba da tambayoyin da takarda ke mantawa: wace sana'a ake yi a gidan, daga ina ake ɗibar ruwa, wa kuma ke da irin ciwon a unguwa, dabbobi lafiya suke, an sha wani jiƙo ko an je wurin mai kemis kafin a zo? In kun gama, ku kai wa wani likita ko malami abin da kuka cimma ya duba, ko da ta waya ce, don kada ku haddace kuskure.

Sharaɗi ɗaya ne babu wasa a cikinsa. Sunan majinyaci da garinsu da hotonsa da hoton katinsa ba sa shiga rukuninku na WhatsApp. A gari irin Bakura, "matar wani mai shago a bakin kasuwa" ma suna ne, kafin magariba kowa ya gane wadda ake nufi. Ku canza shekaru kaɗan, ku cire unguwa, ku bar ciwon kawai.